Kwana huɗu a ƙafa ni da Abbansu, daga Njawai zuwa kan Chappal Waddi

Ranar da Abbansu ya fara kawo min zancen nan ina kicin ina tankaɗe, ya leƙo yace "Maman yara, kin san dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya kuwa?" nace ai ba zai wuce na Jos ba. Yace a'a, yana can Taraba a bakin iyakarmu da Kamaru, sunansa Chappal Waddi, tsayinsa mita 2,419, kuma shi so yake mu hau shi mu biyu tun gwiwa ba ta fara ba mu matsala ba. Ban ce masa komai ba a lokacin, amma har na sauke tuwon daren nan zancen bai bar raina ba.

Ba wai ba mu saba fita ba ne fa. Shekara goma sha uku da aurenmu mun je Yankari sau biyu mun yi wanka a Wikki, mun taɓa hawa duwatsun Shere a Jos muka sauko a ranar, har tanti muna da shi wanda ya siyo a gwanjo muka taɓa kafa shi sau ɗaya a gonar wansa. Amma a ce kwana da kwanaki kana tafiya a ƙafa, kayanka a bayanka, babu gari babu sabis, wannan kam ba mu taɓa ba.

Wata uku muka yi muna shiri. Kullum bayan sallar asuba sai mu fita, wani lokacin Goron Dutse wani lokacin Dala, mu hau mu sauko mu sake hawa, ni da jakar goyo da na cika da ledojin fiya wata don bayana ya saba da nauyi. Da muka je gaya wa Hajiya, mahaifiyarsa, shiru ta yi ta daɗe tana kallonmu sannan tace "Yanzu ku rasa inda za ku kai kuɗinku da ƙarfinku sai dutse? Ku tara ku tafi Umara mana." Na fahimce ta wallahi, tsoro ne irin na uwa, ga labaran hanya da ake ji kullum. Mun yi mata alkawarin ba za mu yi tafiyar dare ba kuma ba za mu shiga daji ba sai da ma'aikatan wurin. Ana gobe za mu tafi sai ga aike daga wajenta, dambun nama cike da roba da dabino, tace a gaya mana tana nan tana addu'a. Yara kuma na kai su gidan Umma.

Ƙarshen Disamba muka bar Kano, hunturu ya kankama. Motar haya muka bi, Gombe, Kaltungo, muka tsallaka gadar Numan, ana kiran magariba muna shiga Jalingo. Washegari muka kama hanyar Garba Chede zuwa Bali zuwa Serti, hanyar wani wuri lafiya lau wani wuri kuma ramuka sai dai haƙuri. A Serti ne ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, nan muka yanki takarda muka biya kuɗin shiga aka haɗa mu da ma'aikacin da zai raka mu, wani dattijo siriri mara yawan magana da muka dinga kira Malam har muka rabu. Shi ya gaya mana tun 1991 aka mayar da wurin gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu wanda ya kai shi girma a Najeriya, wani ɓangare a Taraba wani ɓangaren a Adamawa, kuma dutsen da muke nema yana can ƙuryar kudu. Duk mai niyyar zuwa don Allah ya bi ta ofishin nan, kar ya yi gangancin cewa zai nemi hanya da kansa.

Daga Mayo Selbe ake fara hawan tsaunin Mambila, kuma ni dai ban taɓa ganin hanya irin wannan ba. A ƙasa zafi ake muna ta fifita da kwali, mota ta fara hawa tana kwana tana sake kwana, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami wanda ba ka ganin ƙarshensa, direba ya kashe rediyo, wata mata a bayana ta kama salati ba ta tsaya ba, kunnena ya toshe sai na haɗiyi yawu yake buɗewa. Muna kaiwa sama kamar an buɗe firij. Bishiyoyin kurmi suka ɓace sai tuddai masu ciyawa ɗaya bayan ɗaya har iya ganinka, shanu a warwatse a kai, layin bishiyar turare a bakin gidaje. Muka wuce Maisamari muka sauka a Nguroje kowa na neman rigar sanyi a jaka.

Nguroje ta shiga raina. Gari ne na sanyi da jar ƙasa da tsofaffin Land Rover waɗanda na tabbata sun girme ni amma suna nan suna ɗaukar kaya har saman rufi. Ashe ganyen shayin Highland ɗin nan da nake siya a kanti a unguwarmu a nan kusa ake noma shi, a Kakara, mun je da yamma mun ga gonar an aske ta daidai kamar katifa kore shar. Da dare a teburin mai shayi wani tsoho da ya ji daga Kano muke ya matso da bencinsa, yace ku kun san da ƙuri'a muka zama 'yan Najeriya? Yace da can yankin nan Jamus ne suka riƙe shi tare da Kamaru, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a 1961 aka ce mutane su zaɓa, Najeriya ko Kamaru, mahaifinsa na cikin waɗanda suka bi layi, aka zaɓi Najeriya aka sa wa lardin sunan Sardauna, shi ya sa har yau ƙaramar hukumar da hedikwatarta ke Gembu Sardauna ake ce mata. Abbansu mayen tarihi ne, sai da mai shayi ya fara haɗa kofuna sannan na samu na janye shi.

Da safe 'yan acaɓa suka kai mu Njawai. Awanni muka yi a kan mashin, hawa da gangara, wani wurin sai ka sauka ka taka, ƙura ta mayar da hijabina ja. A Njawai muka fara zuwa gaida mai gari kamar yadda Malam yace haka ake yi, muka samu samari biyu 'yan garin da za su taya mu ɗaukar tanti da tukunya da kayan abinci, muka kwana, asubar fari muka ɗau hanya.

Kayan da na sa, don na san mata za su tambaya, dogon wando mai kauri ne a ciki, doguwar riga mara nauyi da ta sauko ƙasan gwiwa, ƙaramin hijabi iya ƙirji don babba iska za ta dinga jan ki da shi, rigar sanyi, safa biyu, da kambas mai tauri wanda na yi wata uku ina takawa da shi. Sabon takalmi kar ki kuskura. A jakata akwai ruwa, dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da suga, man zafi, filasta, tocila, da jakar kwanciya irin wadda mutum ke shiga ciki ya zuge zif.

Ranar farko tun kafin hantsi na gane Dala daban nan daban. Tudun ba ya ƙarewa, ka hau wannan kana murna ka kai sai ka ga wani a bayansa ya fi shi. An ƙone ciyawa a wurare da yawa, makiyaya ne ke sa wuta da rani don sabuwa ta tsiro wa shanu, sai ka ga tudu baƙi ƙirin amma idan ka sunkuya ga ɗan tsiro kore siriri kamar allura yana fitowa daga cikin toka, tokar kuma tana shiga safa tana shiga hanci. Numfashina ya dinga yin sama. Shi kuma Abbansu Allah ya ba shi doguwar ƙafa, ga ɗoki, sai ya yi gaba shi da samarin nan har su zama 'yan ɗigo a kan tudu, ya tsaya ya jira ni, ina isowa ko numfashi ban mayar ba sai yace to mu je. Shi ya huta ni ban huta ba. Na haɗiye ban ce komai ba, Malam ne kawai yake bayana yana tafiya a hankali kamar ba ya taka ƙasa.

La'asar sakaliya muka isa wata ruga a gefen kwari, nan muka nemi izinin kwana. Maigidan ya fito da fara'a yana jabbama jabbama, ya nuna mana fili kusa da garke muka kafa tanti yara sun zagaye mu suna taɓa igiyoyin. Matan suka ja ni ciki. Hausarsu kaɗan Fillancina babu, amma mun yi hira sosai, da hannu da dariya. Tsohuwar gidan, Inna, ta sa aka kawo min madara da ɗuminta yanzu aka tatso, a ƙwarya fes an rufe da faifai, sannan tuwon masara da man shanu yana narkewa a kai. Ta kama ƙafata ta cire safar da kanta, ta ga diddigena ya ɗuri ruwa, ta girgiza kai ta shafa min man shanu a gefen ba ta fasa shi ba. Ni baƙuwa, ba ta san daga inda na fito ba. Na ba su dabino da sabulu da ganyen shayi, amma ina miƙawa ina jin bai kai ba.

Alwalar magariba a wurin nan sai da na yi ta maza, ruwan kamar ƙanƙara, yatsu suka ƙage. Mun yi ƙasaru muka haɗa magariba da isha, Abbansu ya ja mu, samarin da Malam a bayansa ni a bayansu a kan ɗankwalina, shanu na tuƙa a gefe, sama kuma taurari ne birjik irin waɗanda rabona da ganinsu tun ina yarinya a ƙauyen kakata kafin a kawo wuta.

Da safe za mu tafi Inna ta fito da sanda, irin ta kiwo, ta sha hannu har tana sheƙi, ta danƙa min tace "Riƙe, ƙafa uku." Iya Hausar da ta yi min kenan.

Rana ta biyu ita ce mai wuya kuma ita ce ba zan manta ba. Hanyar ta dinga faɗawa cikin kwaruruka, kowane kwari da ɗan kurminsa a ciki, kana cikin rana da ciyawa sai kawai ka shiga duhu mai sanyi, bishiyoyi dogaye gansakuka ya lulluɓe su, ƙorama na gudu a kan duwatsu ruwan garai-garai kana ganin yashin ƙasa. Muka cika gorunanmu muka jefa ƙwayar tace ruwa. Malam yace duk ƙoramun nan gangarawa suke su zama kogin Taraba da na Donga, su kuma su zube a Binuwai, wato ruwan da mutanen Ibi da Makurdi ke kamun kifi a ciki daga irin wannan wurin yake farawa, shi ya sa suke faɗa da masu sare kurmin. A nan ne ya ɗaga hannu muka tsaya cak, ya nuna sama, wasu baƙaƙen birai masu farin gashi a gefe da doguwar farar jela suna zaune a reshe suna kallonmu, ɗaya ya yi tsalle jelar ta bi shi kamar an wurga farin gyale. Na tambaye shi manyan biran nan masu kama da mutum fa, yace suna nan a kurmin ƙasa wajen Gashaka da Kwano, su a nan biri mai ganga suke ce masa, saboda yana dukan saiwar manyan bishiyoyi da hannu da ƙafa ƙarar na tafiya nesa kamar ana kiɗa. Yace ya sha jin gangar, amma ganinsu sai mai rabo.

Fitowarmu daga wannan kurmin akwai wani hawa mai tsayi, a nan na kasa. Diddigen ya fashe, kowane taku kamar na taka garwashi, na ɗaga kai na hango Abbansu can sama ya juya baya yana ɗaukar hoto. Na zauna a kan dutse na fashe da kuka. Da ya sauko da gudu yana tambaya lafiya, nace "Abbansu, da ni ka zo ko da su? Tun jiya bayanka kawai nake gani. In dutsen kake so ka je ka hau, ni zan koma wajen Inna in jira ka." Ban taɓa yi masa magana da wannan muryar a gaban mutane ba. Samarin suka matsa gefe, Malam ya juya yana gyara igiyar takalmi. Shi kuma ya tsaya shiru, na ga ransa ya ɓaci, na ga kuma maganar ta shige shi, don ba ta dutse kaɗai ba ce kuma ya sani. Haka muke a gida ma, shi yana gaba da sauri, kasuwa, taro, waya, ni ina baya da yara ina bi, kuma ba mugunta ba ce, bai taɓa waiwayowa ya ga nisan ba ne kawai.

Muna cikin haka sai ga wata mata ta ɓullo daga saman hawan tana gangarowa, silifas ne a ƙafarta, goye da yaro wanda ya isa tafiya, kansa ya langaɓe a kafaɗarta, wani ɗan saurayi na biye da ita da ƙullin kaya. Malam ya gaishe ta da Fillanci suka yi magana. Yace yaron kwana uku yana zazzaɓi yana amai, tun asuba ta baro rugarsu za ta Njawai, in ba a dace a can ba ta nemi mashin zuwa Nguroje. Hanyar da muka yi kwana ɗaya da rabi a kai, ita so take ta cinye ta kafin dare. Na taɓa goshin yaron, zafi rau, leɓensa ya bushe. Muna da gishirin zawo na leda da farasitamol na yara da na saba sawa a jaka, na haɗa mata a gora na nuna mata yadda za ta dinga ba shi kaɗan-kaɗan, Abbansu ya ƙulla mata kuɗin mashin a bakin zani. Tace useko, wato godiya da Fillanci, ta gyara goyo, ta wuce. Ko minti goma ba ta yi ba. Na bi ta da kallo har ta shige kurmin, kuma gaskiya abin ya tsaya min a wuya har yanzu, mu mun biya kuɗi mun zo taka hanyar nan don sha'awa, ita kuma hanyar asibitinta kenan, ta haihuwa ma nan ce. Duk wanda ke da iko a kan lamarin yankin nan ya kamata ya zo ya taka ta da ƙafarsa ko sau ɗaya.

Abbansu ya durƙusa ya wanke min ƙafar ya sa filasta, ya kwashe rabin kayan jakata ya zuba a tasa, sannan yace "Shiga gaba." Nace ai ban san hanya ba, yace Malam zai nuna miki, ni ina bayanki. Daga nan har muka gama tafiyar nan bai sake wuce ni ba. Na san yana takura, ina jin takunsa yana gajarta shi da gangan, wani lokacin har ya kusa taka min dunduniya, amma bai wuce ba.

Daren nan a gindin dutsen muka kwana, babu ruga babu kowa. Samarin suka haɗa wuta muka dafa Indomie da sardin muka zuba dambun Hajiya a kai, aka dafa shayi mai citta. Wajen tsakar dare iska ta taso, iskar da ban taɓa jin irinta ba, tana zuwa daga nesa kana jin tahowarta kamar tirela sannan ta daki tantin ya kwanta a fuskarmu ya sake tashi. Turaku biyu suka tumɓuke, ya fita da tocila a baki ya danne su da duwatsu ya dawo hannunsa kamar ƙarfe don sanyi, na riƙe su a cikin nawa har suka yi ɗumi. Barci ya gagara, sai muka kama hira. Wallahi rabon da mu yi hira irin wannan tun ina amarya. Babu waya, babu yaro da zai buga ƙofa, babu wanda zai yi sallama. Ya ba ni labarin bashin da ya shiga shekara biyu da suka wuce wanda bai taɓa gaya min ba don kar hankalina ya tashi, ni ma na gaya masa yadda na ji lokacin da na yi ɓari yana Legas ya ce min a waya in yi haƙuri ya kashe. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan yace ki yafe min. A cikin tantin gwanjo, iska na neman ɗauke mu.

Da asuba raɓa ta jiƙa komai, muka bar kaya da ɗaya daga cikin samarin muka fara hawan ƙarshe da tocila. Malam ya gaya mana sunan da Fillanci ne, chabbal tsauni kenan, kuma ana fassara sunan duka da dutsen mutuwa, wasu kuma Gangirwal suke ce masa. Nace Malam da ka bari sai mun sauko ka faɗa, ya yi murmushinsa na farko tun Serti. Hawan ba na rarrafe ba ne, ba a buƙatar igiya, tsayi ne kawai da iska da numfashi da ke ƙaranci, ina taku ashirin in tsaya in dogara da sandar Inna in ƙirga numfashi biyar in ci gaba. Hasbunallahu na dinga ja a zuci daidai da takun.

Wajen ƙarfe goma Malam ya tsaya yace to, nan ne, babu sauran sama. Na juya. Hazo ya kwanta a ƙasanmu fari fat ya cike kwaruruka, kawunan tsaunuka sun leƙo daga ciki jere-jere, shuɗi bayan shuɗi har suka haɗe da sama. Ya nuna da hannu yace nan Najeriya, can Kamaru, kuma ni ban ga wani bambanci ba, ciyawa ɗaya ce iska ɗaya. Na zata zan yi ihu ko in yi ta ɗaukar hoto, sai na samu kaina na zauna kawai hawaye na zuba. Abbansu ya fuskanci gabas ya yi sujada, ni ma na bi shi, goshina a kan ciyawa mai sanyi. Da muka ɗago yace "Maman yara, yau duk ƙasar nan babu wanda ya kai ki tsawo, don ke kika riga ni takawa." Muka raba dabino bakwai da suka rage mu huɗu, muka yi hoto uku, sanyi ya kore mu kafin minti arba'in.

Saukowa ta fi cin gwiwa, amma ba ni da abin faɗa da yawa a kanta, mun sauko dai, muka naɗe tanti muka ƙara gaba muka kwana a bakin wata ƙorama. Rana ta huɗu muka yi sammako, da yake yawanci gangara ce kuma jiki ya saba muka yi sauri fiye da zuwa. Mun tsaya a rugar Inna na miƙa mata sandarta, ta ture hannuna tace in tafi da ita.

Tsakanin rugar da Njawai muka sake haɗuwa da matar nan tana dawowa. Ni na fara gane ta daga zanin. Yaron yana goye amma kansa a miƙe, yana riƙe da ayaba ya dame fuskarsa da ita, da ya ga baƙi ya ɓoye a bayan uwar. Tace sai da ta kai Nguroje, an yi masa allurai an ba su magani. Na rungume ta ban san lokacin da na yi ba, ita ma ta riƙe ni tana dariya tana magana da Fillanci, Malam bai fassara ba ni ma ban tambaya ba. Sannan ta gyara goyo ta kama hawan da ke gabanta.

Sai a Nguroje wayoyinmu suka dawo da rai, saƙonni suka dinga shigowa kamar ruwan sama. Hajiya muka fara kira, tana ɗagawa tace "Kun sauko?" yace mun sauko Hajiya, tace alhamdulillahi ta kashe, daga baya ƙanwarsa ta gaya mana azumi ta yi kwana biyu. Autata kuma da aka ba ta wayar tambayarta ɗaya, ko na taɓa gajimare da hannu, nace mata a ƙasana ma yake, tace to me ya sa ban ɗebo mata ba.

Na siyo ganyen shayi da fiya da zuma na tsaraba. A tashar Jalingo yaron mota ya karɓi sandar zai cusa ta a but ƙarƙashin buhunan doya, nace a'a ba ni abata, yace Hajiya sanda ce fa, Abbansu yace ka ba ta. A tsakanin ƙafafuna na riƙe ta har Kano, tana nan bayan ƙofar ɗakina, kuma jiya da asuba da za mu fita Goron Dutse shi ya ɗauko min ita.